Dara a Kan Dutsen Assekrem

Wani direba ɗan Maradi ya kai baƙi Assekrem, tudun da ke tsakiyar duwatsun Ahaggar, kimanin kilomita 80 daga Tamanrasset a ƙasar Aljeriya. Tsayin wurin ya haura mita 2,700, shi ya sa sanyi ke sauka tun rana ba ta faɗi ba. Baƙin suka hau ganin ɗakin dutsen da Charles de Foucauld ya zauna a cikinsa a 1911. Shi kuwa direba ya tsaya gindin wuta tare da wani dattijo Buzu mai dafa shayi.

Da hira ta yi nisa, sai suka haƙa gidajen dara talatin a ƙasa, layi biyar na gida shida shida. Direba ya ɗauki tsakuwa goma sha biyu, dattijo ya karya tsinke goma sha biyu. Dara dai yaƙi ce ta zaune. Kowa ya zuba 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, sa'annan a riƙa matsa ɗa zuwa gidan da ke maƙwabtaka da shi. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa guda.

Direba ya jera uku, ya miƙa hannu ya ɗauke tsinke daga cikin jerin ukun da dattijo ya riga ya kammala. Dattijo ya riƙe masa hannu, ya ce, "Yaro, ba a cin wannan."

Direba ya ce, "Baba, a dandalin unguwarmu ana ci."

Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Dara ba ta da littafi, kowane dandali da dokarsa. Ko wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, duk da littattafansa, masu yinsa kan ƙara dokokin faɗa na kansu, kowane teburi da nasa. Kuskuren mutanen nan biyu ɗaya ne: sun zuba 'ya'ya ba su tambayi juna wace doka za a bi ba.

Direba ya duba ya ga cin nan zai ba shi wasan, ya kuma ga a bakin wutar wa yake zaune. Ya mayar da tsinken gidansa. Dattijo ya cinye shi, ya miƙa masa kofin shayi na biyu, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ce, "Wannan karon a bi ta Maradi." Tun daga ranar, duk inda direban ya zauna dara, kafin ya ɗauki tsakuwa sai ya tambaya, "Malam, a nan ana cin jere?"