Masu Riga Ruwan Goro

A 2014, shekarar da karatu ya kai ni Bangalor ta ƙasar Indiya, sayen abincin dare ta waya ƙaramin yaƙi ne. Wanda zai ɗauki wayar a gidan abinci yana jin Kannada ko Hindi, ni kuma ina ta jefa masa Turancin da na taso da shi daga Kano. In Allah ya sa mun fahimci juna a kan shinkafa da kaza, sai a shiga rigimar kwatance, domin layukan garin duk lamba ce, kuma lambar ba ta kai mutum ko'ina sai an haɗa da wani ɗakin ibada ko kantin magani. Bayan wannan duka ya ce ba sa aike sai cinikinka ya kai rufi kaza. Sau da yawa mu huɗu da ke haya ɗaya a kusa da Koramangala mukan haƙura mu jiƙa garin da muka zo da shi daga gida.

A wannan unguwa ce, cikin watan Agustan shekarar, wasu samari uku suka buɗe Swiggy da masu kai saƙo shida da gidajen abinci ashirin da biyar. Sriharsha Majety da Nandan Reddy sun yi karatu a BITS Pilani, kuma sun riga sun gwada wani kamfanin aika kaya mai suna Bundl bai kai labari ba. Na ukunsu, Rahul Jaimini, shi ya gina manhajar. Mu dai ba mu san da su ba sai da shekara ta juya, lokacin da muka fara ganin samari da riga ruwan goro a tsaye bakin gidajen biriyani, jaka a baya, waya a hannu.

Ba su ne na farko ba. Akwai Foodpanda, akwai TinyOwl ta Mumbai, ga Zomato da ta daɗe tana jera sunayen gidajen abinci da farashinsu. Sai dai yawancin waɗannan karɓar oda kawai suke yi su miƙa wa mai abinci, shi ya san yadda zai yi ya aiko. Swiggy kuwa da nasu mutanen suka fito, suka ce ko kwano ɗaya kake so za a kawo, suka kuma sa maka taswira kana kallon babur ɗin yana tahowa. Wannan taswira ta ci mana lokaci ba kaɗan ba. Mukan kewaye waya ɗaya muna yi wa ɗan ɗigon nan tsawa in ya wuce kwanarmu, ko muna yi masa jaje in ya maƙale a fitilar hanya.

Akwai wani dalili da ya sa abin ya shige mu, mu baƙar fata, fiye da 'yan ajinmu Indiyawa. A ƙarshen Janairun 2016 wani ɗalibi ɗan Sudan ya buge wata mata da mota a arewacin garin, ta rasu. Taron da ya fusata ya far wa wata ɗaliba 'yar Tanzaniya wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba, aka ci mutuncinta, aka ƙona motar da take ciki. Nesa ne da unguwarmu, amma bayan wannan duk wanda na sani ya rage fitar dare. Makonni muka yi daga aji sai ɗaki. A wannan zaman, kusan mutumin garin da ke ƙwanƙwasa mana ƙofa da fara'a shi ne mai kawo abinci. Mai gidan haya yakan zo ne da ƙorafi.

Muna cikin jin daɗinmu, kamfanonin kuwa faɗuwa suke yi ɗaya bayan ɗaya. A Nuwamban 2015 TinyOwl ta rufe ofishinta na Pune, ma'aikatan da aka sallama suka tsare ɗaya daga cikin masu kamfanin, Gaurav Choudhary, a cikin ofis suka ce ba zai fita ba sai an biya su. Jaridu sun daɗe suna yayata labarin. Daga baya kamfanin ya haɗe da Roadrunnr, sannan Zomato ta saye abin da ya rage a 2017. Swiggy ta tsallake wannan ramin, sai kuma abubuwa biyu da ba ita ta shirya ba suka zo mata a kan gaɓa. A Satumban 2016 kamfanin waya na Jio ya fito da data kusan kyauta. A ranar 8 ga Nuwamba Firaminista Modi ya soke takardun rufi 500 da 1,000 a dare ɗaya. Na tsaya a layin banki daga safe har azahar na dawo hannu rabbana, ranar na koyi biyan kuɗin abinci ta waya. Miliyoyin mutane irin wannan dole ta koya musu.

Daga 2017 zuwa 2019 sai gari ya koma kamar lokacin kamfe, kowane ɗan takara na rabo. Uber Eats ta shigo, kamfanin tasi na Ola ya sayi Foodpanda, Zomato ta baza nata masu jar riga. Kowace safiya saƙo na shigowa: rabin kuɗi, kai kyauta, sayi ɗaya ka samu ɗaya. Akwai lokacin da biriyanin da aka kawo mini har hawa na uku ya fi arha a kan in taka da ƙafata in ci a shagon. Ɗalibai suka ƙware wajen buɗe sabon asusu da sabon layi don ragin sabon shiga. A Disamban 2018 Swiggy ta karɓi jarin dala biliyan ɗaya a zama guda, kamfanin Naspers na Afirka ta Kudu ne kan gaba. Wani abokina ɗan Zariya mai karatun lissafin kuɗi yakan ɗaga cokali ya ce mu yi wa masu zuba jari addu'a, su ne suka biya rabin kwanon nan. Wasa yake yi, amma lissafinsa daidai ne, domin duk kamfanonin asara suke tafkawa don su kama kasuwa.

Inda na fara ganin ɗaya fuskar shi ne wurin mai shayin da ke bakin layinmu. Nan masu kai saƙo na kamfanoni daban-daban ke jiran oda, babura a jere, kowa ya ɗaure waya a kan sitiyari ya lulluɓe ta da leda saboda ruwa, wayar caji ta zagaya zuwa aljihu. Na saba da wani ɗan Assam, Musulmi, wanda ya bar gonar shinkafar mahaifinsa ya zo birni. “Bhai” yake ce mini, ni ma haka nake ce masa, mai shayin kuma dukanmu “anna” muke kiransa, yadda ake kiran yaya a kudancin ƙasar. Shi ya nuna mini allon wayarsa ya bi da ni dalla-dalla. Ladan kowace oda kaɗan ne, ribar tana cikin ƙarin da ake ba wanda ya cika adadi a rana ko a mako. Saboda haka oda biyun ƙarshe su ne ke sa mutum ya keta fitila ko ya hau gefen masu tafiya a ƙasa. Mai da gyaran babur da tarar ɗan sanda duk a aljihunsa. Ba ma'aikaci ake kiransa ba, abokin hulɗa ne a takarda, don haka babu hutun ciwo. Da azumi na taɓa iske shi ana kiran magariba yana tauna dabino a tsaye, jakar bayansa cike da abincin buɗa-bakin wani gida.

“Bhai, in an kawo maka, ka riƙa danna tauraro biyar,” ya ce mini. “Kai ba ka rasa komai ba.”

Shi ya sa da bidiyon nan na Madurai ya bazu a Disamban 2018, wanda aka ɗauki wani mai kai saƙo na Zomato yana ɗan ci daga abincin da zai kai, raina bai ba ni in yi dariya da 'yan ajinmu ba. Laifi ne, ba musu, kuma an kore shi. Amma na san awa nawa irinsa ke yi da ƙamshin abinci a bayansa. Haka a tsakiyar 2019, da wani mutum a Jabalpur ya soke odarsa don wanda aka turo masa Musulmi ne, Zomato ta mayar masa da martani a Twitter cewa abinci ba shi da addini, aka yi ta tafa mata. A wurin mai shayi ba wanda ya yi mamakin mutumin. Kowa yana da labarin gidan da aka hana shi shiga lif ɗin masu gida, aka nuna masa matakala.

Masu gidajen abinci ma sun fara kuka. Wani mutumin Kerala da muke cin farota da naman sa a shagonsa ya ce mini kamashon da ake cira ya doshi kashi ɗaya cikin huɗu, ga ragin da ake matsa masa ya yi, amma in ya fita daga manhaja wa zai san yana nan? A Agustan 2019 ƙungiyar masu gidajen abinci ta ƙasar ta yi gangamin ficewa daga tsare-tsaren ragi masu zurfi. Ola ta riga ta janye jiki daga kai abinci, Uber Eats ta sayar wa Zomato harkarta ta Indiya a Janairun 2020. Da aka rage biyu a fili, saƙonnin rabin kuɗi suka fara ƙaranci.

Sai korona. An sanar da kulle a daren 24 ga Maris, da wa'adin awa huɗu. An bar masu kai abinci su yi aiki, amma tsoro ya hana mutane saye, musamman bayan an samu cutar a jikin wani mai kai fiza a Delhi aka killace gidaje saba'in da biyu. Abinci ya koma zuwa da takarda manne mai ɗauke da zafin jikin mai dafawa da na mai kawowa, a ajiye a bakin get a ja da baya. Titin da ake yin awa a cunkoso ya zama fayau, ba ka ganin kowa sai su da 'yan sanda. A watan Mayu Swiggy ta sallami ma'aikata 1,100. A Agusta masu kai saƙonta a Chennai suka shiga yajin aiki, suna cewa an mayar da mafi ƙarancin ladan oda daga rufi 35 zuwa 15, na Haidarabad suka bi sahu. Ɗan Assam ya sayar da babur ɗinsa ya hau ɗaya daga cikin jiragen ƙasan da aka ware wa 'yan ci-rani. Mai shayi ne ya faɗa mini bayan an buɗe gari.

A wannan Agustan dai kamfanin Swiggy ya buɗe Instamart, na kai kayan cefane cikin mintuna, wanda daga baya ya zama sabon fagen ƙona kuɗi tsakaninsa da Blinkit da Zepto. Ni na dawo gida ba da jimawa ba, sauran labarin daga nesa na bi shi. Jihar Rajasthan ta yi dokar walwalar irin waɗannan ma'aikata a 2023. A Nuwamban 2024 Swiggy ta shiga kasuwar hannun jari ta tara sama da dala biliyan ɗaya, alhali littafinta na shekara bai taɓa nuna riba ba. Wani ƙanen abokina da ke karatu a can yanzu ya turo mini hoton rasidinsa: kuɗin abinci, kuɗin kai, kuɗin mazubi, haraji, da wani sabo da ake kira kuɗin dandali, wanda aka fara da rufi 2 a 2023 ana ta ɗaga shi. Ya ce su kan haɗa kuɗi su sayi buhun shinkafa, su shida suna girki bi da bi.