Ku kunna TalkBack na minti goma, sannan mu yi magana

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

Kusan duk abin da ɗalibi yake nema a wajen gwamnati yanzu ya koma intanet. Rajistar jarrabawa, biyan kuɗin makaranta, tallafin karatu na jiha, bashin karatu, neman aiki, gyaran suna a katin ɗan ƙasa, har rajistar bautar ƙasa. Da a ce kowa yana iya shiga waɗannan shafuka da kansa, da ba ni da ta cewa. Amma akwai 'yan ajinmu da ƙofar ba ta buɗuwa gare su ko kaɗan, kuma ba don rashin data ko rashin sabis ba.

Aikin bincikena na digiri na biyu a kan wannan yake: ina duba shafukan intanet da manhajojin waya na hukumomin gwamnati, in ga ko mai larurar gani, ko kurma, ko wanda hannunsa ba ya riƙe linzamin kwamfuta zai iya amfani da su ba tare da ya nemi wani ba. Ba zan kama sunan wata hukuma a nan ba, ba faɗa na zo yi ba. Abin da nake gani kawai zan faɗa.

Muna da wani ɗan uwa a nan Bolori, ya girme ni da 'yan shekaru, Yaya nake ce masa. Ya rasa ganinsa tun yana sakandare, amma ya yi digiri, kuma wallahi ya fi ni saurin sarrafa waya. Ya ƙara wa muryar wayarsa gudu har ni ba na gane abin da take faɗa, shi kuwa yana dariya yana ba da amsa a WhatsApp. Shi ne yake taya ni gwajin. Ranar da muka gwada wani fom na neman tallafin karatu, ya wuce suna, ya wuce jiha da ƙaramar hukuma, sai wayar ta fara cewa "maɓalli, maɓalli, maɓalli". Maɓallai uku a jere, ba wanda aka raɗa wa suna a cikin rubutun shafin. Ni da ido ina ganin ɗaya na ajiyewa ne, ɗaya na gogewa, ɗaya na turawa. Shi kuwa sai dai ya yi canki-canka. Ya ce min, "Ƙanena, ka ga wannan? In na taɓa na tsakiya, aikin awa ɗaya ya tafi." Da muka lallaɓa zuwa ƙarshe, sai ga hoton nan na karkatattun haruffa da ake cewa ka kwafa don a tabbatar kai mutum ne. Babu zaɓin saurare. A nan tafiyar ta tsaya.

To me yake yi in ya kai nan? Ya hau keke napep ya tafi kafe. Ya miƙa wa yaron da bai sani ba lambar NIN ɗinsa, da BVN, da kalmar sirrin imel ɗinsa, da ranar haihuwarsa. In an turo lambar tabbatarwa, wayarsa ta karanta ta da ƙarfi kowa na ji. Ya biya kuɗin aiki, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma ba shi da hanyar da zai duba ko an rubuta sunansa daidai. Mu nan mun san abin da harafi ɗaya a suna yake jawowa, akwai waɗanda suka yi shekara suna zarya a kansa. Wannan ne ya fi damuna a lamarin, fiye da ɓata lokacin. Mutum mai digiri, magidanci, amma sirrinsa kullum yana hannun wani.

Wani zai ce ai su nawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wajen kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa. Mu kuma a Borno ba sai an karanto mana alƙaluma ba. Tun 2009 zuwa yau, kowa a garin nan ya san wanda ya rasa hannu, ko ido, ko jinsa ya tafi bayan tashin bam. Ga iyayenmu da ƙananan rubutu ya fara gagararsu, su ma fansho da tantancewa duk an mayar musu waya.

Kuma ba alfarma ake nema ba, akwai doka. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci intanet ƙarara cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa musu. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018. Dokar ta sa tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko ma'aikata, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya, ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. An kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020. Sai dai in ana maganar dokar, hankalin kowa yana tafiya kan gangaren siminti na keken guragu a bakin ofis. Yana da kyau, a yi. Amma ofishin da kansa ya tashi ya koma cikin waya. Kashi 5 ɗin nan na aiki, ta ina mutum zai nema in fom ɗin ba ya karantuwa?

Ƙa'idojin ma ba sabbi ba ne. Ƙungiyar W3C da ke tsara dokokin gina shafukan intanet tana da kundi mai suna WCAG, an fitar da bugu na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 a Oktoban 2023. Abubuwan da ke ciki ba su da wani tsada: kowane hoto a rubuta masa bayani, kowane gurbi a fom a sa masa suna, komai ya yi aiki da kibod kaɗai, bidiyo ya zo da rubutun abin da ake faɗa, rubutu ya bambanta da launin bayansa da aƙalla 4.5 zuwa 1. Tarayyar Turai ta mayar da wannan wajibi ga hukumomin gwamnati tun 2016, shafuka da manhajojin waya duka. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne dole kowace hukuma ta wallafa bayanin inda shafinta ya gaza, ta ba da hanyar kai ƙorafi, kuma akwai masu bi suna dubawa lokaci-lokaci. A Ingila ma haka ake yi tun 2018. Dubawar ita ce magana. Ko a nan gida an nuna ana iyawa in an so, tunda JAMB tana da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa tun 2017.

Yadda nake gwajin kowa zai iya. In wayarka Android ce, TalkBack tana ciki, a iPhone kuma VoiceOver. Ka kunna, ka shafa dama don matsawa gaba, ka taɓa sau biyu don shiga, ka kau da kai daga fuskar wayar, ka gwada cike fom ɗin da ka cike makon jiya. A kwamfuta akwai NVDA, kyauta ce. Ko ka cire linzami ka yi ta danna Tab, ka ga ko za ka san inda kake. Ka ƙara girman rubutu ninki biyu ka ga ko maɓallin turawa zai ɓace. Gwajin launi kuwa ba na buƙatar na'ura, ranar Maiduguri ta ishe ni: in fita bakin titin Baga da azahar a watan Afrilu, duk rubutun da aka yi da ruwan toka a kan fari ya tafi, har ga mai ido lafiyayye. Akwai Lighthouse a cikin Chrome da ke ba shafi maki, amma kada makin ya ruɗe ka. Na ga shafin da ya ci maki mai kyau, Yaya ya kasa wuce layi na biyu a cikinsa. Na'ura tana ganin an rubuta wa hoto bayani, ba ta san an rubuta shirme ba.

Wani abin da ke cinye mutane shi ne lokaci. Shafi ya ba ka 'yan daƙiƙoƙi ka sa lambar da aka turo, alhali mai sauraro sai ya fita, ya nemo saƙon, ya saurara, ya haddace, ya dawo. Kafin nan an koro shi waje. Ku haɗa wannan da sabis ɗinmu, da cajin da muka koyi tattalinsa tun duhun 2021.

Yanzu bari in dawo kanmu, don wannan ba sai mun jira Abuja ba. Sanarwa ta fito, wani ya ɗauki hoton takardar a jikin allo, a karkace, ya jefa a guruf ɗin aji. Ga mai TalkBack wannan hoto ne kawai, sai dai in ya bi ta wata manhajar ta ƙoƙarta karantowa, ita ma in hoton ya yi duhu ta rikice. Lokacin ambaliyar Alau a Satumban 2024 na ga yadda sanarwoyi masu muhimmanci suka riƙa yawo a haka, hoto bayan hoto. Kurame kuma nasu ya sha bamban: wakilin aji ya turo saƙon murya na minti huɗu a kan canjin ɗakin jarrabawa, shi ke nan an bar su a baya. Wakilan aji, shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi, don Allah in kun tura hoto ku rubuta abin da ke ciki a ƙasa, in kun tura murya ku bi ta da layi biyu. Ranar rufewa da wuri da lokaci, ko su kaɗai ne.

'Yan kimiyyar kwamfuta kuma, ku ne za ku karɓi kwangilar gina waɗannan shafuka nan da shekara biyar. Sa wa maɓalli suna layi ɗaya ne na rubutu.

Ina neman mutum biyar ko shida da za su taya ni zagaye na gaba, musamman masu amfani da TalkBack ko NVDA a kullum, da kurma ko ɗaya, mace ko namiji. Ba zan karɓi lambar sirrin kowa ba, da bayanan gwaji za mu yi aiki, kuma kuɗin keke a kaina. Ranar Asabar bayan la'asar ne, a nan Bolori. Mai sha'awa ya yi min magana ta akwati in ba shi kwatance, mai laftof kuma ya zo da ita a cike da caji.