Agwaluma da Haƙurin Mai Dasa Ta

Agwaluma bishiyar kurmi ce mai son ƙasa mai laima, shi ya sa ta fi yawa a kudancin Najeriya, inda ake lodin 'ya'yanta zuwa kasuwannin Arewa lokacin hunturu. Ƙwayarta ba ta jure ajiya, don haka ana shuka ta tun ba ta bushe ba. Tsiron yana buƙatar inuwa da ban ruwa a farkon rayuwarsa. Wadda ta tashi daga ƙwaya takan daɗe kafin ta yi fure, amma auren reshe yana rage jiran. Masu ita sukan bar 'ya'yan su faɗo da kansu, domin wanda aka tsinka da wuri tsami da danƙo sun fi yawa a cikinsa. Mai dasa ta sai ya yi haƙuri.