Ranar da Aka Goge daga Tuta

Kowace safiya, kafin a shiga aji, yara kan yi layi a filin makaranta suna fuskantar wani ƙyalle da zafin rana ya ƙoɗar. Idan aka tambaye su ma'anarsa, amsa ɗaya suke bayarwa baki ɗaya: kore noma, fari zaman lafiya. Amsar daidai ce, da ita ma ake cin jarrabawa. Wata malamar aji biyar a wata firamaren gwamnati a Kano ta shekara da shekaru tana karɓar wannan hadda ba tare da ta ga aibinta ba, har zuwa daminar 2024.

A watan Agustan shekarar, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, an ga matasa a Kano da Kaduna da wasu garuruwan Arewa suna ɗaga tutar Rasha. An kama mutane, har da telolin da aka zarga da ɗinka tutocin. A watan Nuwamba aka gurfanar da wasu a kotu a Abuja, cikinsu da yara ƙanana, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a saki yaran. Da aka dawo hutu, malamar ta tarar da zanen fari da shuɗi da ja a bayan littafin wani ɗalibinta. Ta tambaye shi mene ne wannan, ya ce, "Malama, tutar masu ƙarfi ce." Ta tambaye shi ta Najeriya fa, ya karanto mata haddar ba gargada. A nan ta fahimci cewa saninsa game da tutocin biyu ɗaya ne: bai san wanda ya zana kowace ba, bai san dalili ba, bai san abin da aka yi kafin su ba.

Sai ta sake tsarin darasin. Maimakon tuta ɗaya, ta kawo uku.

Ta fara da wadda ta fi kusa da gida. Bayan fara jihadi a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa ba jagorori tuta: Modibbo Adama a Adamawa, Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Malam Musa a Zazzau, Ummarun Dallaje a Katsina, da wasunsu. Tuta a wancan zamani izini ce. Wanda ya karɓe ta ya ɗauki alkawarin yin aiki da sunan wanda ya ba shi, kuma za a tambaye shi abin da ya yi da ita. Malamar ba ta ɓoye wa yaran cewa akwai waɗanda suka ga tutocin nan tafe suka ja daga ba, kamar Gobirawa da Kabawa da sarakunan Katsina da suka koma Maraɗi. A aji irin nata ba a rasa jikokin ɓangarorin biyu. Darasin farko ke nan: ƙyalle ɗaya yana iya zama bushara ga wani, ya zama gargaɗi ga wani.

Tuta ta biyu ita ce ta fi ba yaran mamaki, domin babu wanda ya taɓa ganinta cikinsu. Daga 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, zuwa 1960, tutar Najeriya shuɗiya ce, da tutar Birtaniya a kusurwar sama. A gefe akwai jan da'ira, cikinta koren tauraro mai tsini shida, da kambin sarautar Ingila da sunan ƙasar a tsakiyarsa. Lugga ya ce ya samo siffar tauraron ne daga wani ƙoƙon tagulla da aka samu bayan cin Kwantagora a 1901. Siffa ce da aka sani da hatimin Annabi Sulaimanu, kuma ita ce a jikin kwabo mai huji da anini da kakanninsu suka kashe a kasuwa. Malamar ta aro kwabo ɗaya daga wata tsohuwa, yara suka yi ta miƙa wa juna.

Tambayoyin da ta yi musu ba su da wuya. Me ke sama? Me ke ƙasa? Wa ke tsakiyar tauraron? Wata yarinya ce ta ce, "Malama, sun ɗauki abinmu sun sa hularsu a ciki." Ba a yi mata dogon bayani kan mulkin mallaka ba, zanen ne ya faɗa mata. Abin da tsohuwar tuta ke iya yi ke nan wanda hadda ba ta iyawa: tana nuna wa yaro inda iko yake, da ido, kafin ya san kalmomin da manya ke amfani da su.

Sai ta ukun, wadda suke zaton sun sani. Gab da 'yancin kai aka buɗe gasar zana tuta, aka sami zane fiye da 2,000. Wanda ya yi nasara shi ne Michael Taiwo Akinkunmi, matashi daga Ibadan da ke karatu a Landan, wanda ya ga sanarwar a jarida. Ladarsa fam 100. Amma zanen da ya aika ba shi ne ainihin abin da aka ɗaga ranar 1 ga Oktoba 1960 ba. A tsakiyar farin akwai jar rana mai haskoki, alƙalan gasar suka cire ta, suka bar kore, fari, kore. Akinkunmi ya yi rayuwa irin ta ƙaramin ma'aikaci, sai a 2014 aka ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, ya rasu a 2023.

Malamar ta zana tutar a allo da ranarta, sannan ta ɗauki tsumma ta goge ranar a gabansu. Ta ce, "Wa ya ga an kyauta, wa ya ga ba a kyauta ba?" Aji ya rabu. Wasu suka ce da rana ta fi kyau, ai ga ta nan a tutar Nijar, da'ira mai ruwan lemo a tsakiyar fari, tun 1959. Wasu suka ce ba rana ta fi sauƙin zanawa, kowa zai iya. Ba ta yanke musu hukunci ba, ta dai nuna musu wani abu: tutar da aka zaɓa ba ta da rubutu, ba ta da alamar addini, ba ta da tambarin wata sarauta ko wani yanki. A ƙasar da ke da jihohi uku masu gasa da juna a lokacin, da harsuna ɗaruruwa, wannan shirun ma magana ce.

Akwai masu ganin cewa irin wannan darasi yana rage kwarjinin tuta, cewa yaron da ya san an yi gardama a kanta ba zai girmama ta ba. Damuwar tana da tushe, musamman a ƙasar da ta yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 a ƙarƙashin tutoci biyu. Sai dai yaran sun riga sun ga alamun ƙasa na sauyawa. A watan Mayun 2024 aka sauya musu taken ƙasa, suka koma rera na 1960, yawancinsu ba tare da an gaya musu dalili ba. An kuma yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare. Yaron da aka ce masa tuta abu ce da ta sauko a shirye, ranar da yunwa ta sa ya yi fushi da ita, babu abin da zai riƙe shi, sai ya nemi wata. Wanda ya san ɗalibi ne ya zana ta, mutane suka gyara, kuma ta maye gurbin wadda ke da kambin wani a kai, shi yana da hujjar cewa tasa ce, har ma yana da haƙƙin tambayar inda noman da zaman lafiyar suka shiga.

A ƙarshen mako malamar ta raba su rukuni-rukuni, ta ce kowane ya zana tutar ajin, da sharaɗi ɗaya: kada a sa abin da zai sa wani ɗan aji ya ji ba da shi ake ba. Rukunin da ya sa ƙwallo ya sha suka daga 'yan mata. Wanda ya sa tambarin wata ƙungiyar wasa ya janye shi. Aka jefa ƙuri'a, aka zaɓi zane mai allo da bishiyar darbejiyar da ke bakin taga. Yaron nan mai littafi ya so a ƙara rana a sama, bai sami rinjaye ba. Ya ɓata rai, amma da aka zo manna tutar a bango, shi ya riƙe kujerar da aka taka.