Tafkunan Siri Lanka da masu tsinkar shayi

Masu shirya yawon buɗe ido a Siri Lanka kusan hanya ɗaya suke bi da baƙo. A ɗauko shi daga Kolambo, a nausa arewa wajen kufan tsoffin birane, a juyo Kandi, a hau duwatsu, sannan a gangaro da shi bakin teku ta kudu ya huce gajiya. Tsibirin murabba'in kilomita 65,000 ne da 'yan kai, a taswira sai ka ce yini biyu sun ishe shi. Direba kuwa ba ruwansa da kilomita, awa yake ƙirga maka, don titin duwatsu kwana ne bayan kwana, ga babura masu ƙafa uku irin A Daidaita Sahu suna kutsawa ta ko'ina.

A arewa ta tsakiya, inda damina ba ta daɗewa, ba ka yin nisa ba ka ci karo da tafki ba: ɓauna kwance cikin ruwa, balbela a gadon bayanta, bado ya rufe gefe guda. Sai ka tsaya ɗaukar hoto za ka lura cewa bakin tafkin da kake kai a miƙe yake ɗoɗar, kuma gonakin shinkafa suna can ƙasa a bayanka. Ashe a kan madatsa kake. Mutane ne suka tara wannan ƙasa, kuma irin waɗannan tafkuna dubbai ne. Katafaren na Polonnaruwa aikin Sarki Parakramabahu ne a ƙarni na 12, har gobe da shi ake ban ruwa, da yamma kuma mata na wanki a magudanarsa, yara na tsalle suna faɗawa. Na tsakiyar Kandi ma, wanda masoya ke zagayawa da lema ɗaya, gonakin shinkafa ne sarkin ƙarshe na garin ya sa aka datse a 1807. Bai more shi ba, Turawan Ingila suka karɓe mulkinsa a 1815.

Daga Kandi jirgin ƙasa ke hawa da kai a hankali, ƙofofi a buɗe, baƙi na leƙowa ana ɗaukar su hoto da koren duwatsu a baya. Wannan kore shayi ne, tushe-tushe aka dasa shi. Da can daji ne, Turawa suka sare suka shuka kofi, cuta ta faɗa wa kofin daga 1869. Kafin nan da shekara biyu wani ɗan Sukotland, James Taylor, ya fara gwada shayi kusa da Kandi, shayin ne ya gaje wurin. A 1890 Thomas Lipton ya zo ya sayi gonaki, sunansa ne dai wannan da ke kan teburin mai shayi a Kano da Maraɗi.

Masu tsinkar ganyen galibi matan Tamil ne, jikokin leburorin da aka kwaso daga kudancin Indiya. Daga nesa ɗigo-ɗigo ne masu launi a jikin dutse, sai ka matso ka ga aikin. Buhu a baya, igiyarsa ta ratsa goshi, leda ɗaure a ƙugu saboda raɓa. Mai tsinka ta ɗora doguwar sanda a kan bishiyoyin, abin da ya ɗara sandar shi take tsinka, ganye biyu da toho, hannu biyu na aiki lokaci guda, ta wurga baya ba tare da ta waiwaya ba. Shi ya sa saman gonar yake daidai kamar an yi masa aski. Can bakin titi malamin awo na jira da sikeli da littafi. Gidajensu dogon layin ɗakuna ne ƙarƙashin kwano ɗaya, kuma ba a cika tsayar da motar baƙi a nan ba. A ganina nan ya kamata a fara tsayawa, kafin a kai mutum shagon masana'antar shayi. Wani abin kuma, ganye mai daraja ƙasashen waje ake kai shi. A rumfar bakin hanya garin shayi za a dafa maka, a zabga sukari.

A yankin duwatsun nan ne Dutsen Adamu yake, tsayinsa mita 2,243 ne. Sawun da ke ƙololuwarsa mabiya Buda sun ce na Buda ne, Hindu sun ce na Shiba, Musulmi da dama kuma sun ce na Annabi Adamu ne, alaihis salam. Ibn Battuta ya hau shi a 1344, shekara tara kafin ya ratsa Takedda ta yankin Agadas, ya kuma ambaci sarƙoƙin ƙarfe da ake kamawa. Yau matakala ce sama da 5,000, ana hawa cikin dare daga Disamba zuwa Mayu, fitilu a jere har sama. Tsofaffi na hawa ba takalmi. Kana haki sai ɗan dako ya wuce ka da kaya a ka zuwa rumfunan shayi na sama, daga nan ba ka ƙara ƙorafin cewa kuɗin ruwan gora na ƙaruwa da kowane zango.

Bakin teku ba ya buƙatar dogon bayani, ganuwar Galle da Turawan Holan suka gina da farin masallacin da ke cikinta sun isa a gani. Gabas da garin, wajen Koggala, akwai masuntan nan da ke zama kan sanduna a cikin ruwa, waɗanda hotonsu ke kan kowace takardar talla. Yawancinsu yanzu ba kifi suke jira ba. Mota na tsayawa sai su ɗare sanda, wani na zaune a inuwa yana karɓar kuɗin hoto. Ban ga laifinsu ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma igiyar ruwan tsunami ta Disambar 2004 ba ta bar wa wannan gaɓa abin kirki ba. Mai son ganin kamun kifi ya yi sammako zuwa inda maza ke jere layi biyu suna jan igiyar koma daga teku. In ka daɗe a tsaye kana kallo, za su yafito ka ka kama igiya.