Kyauta da Bashi a Takarda Ɗaya: Yadda Ake Biyan Kuɗin Jami'a a Amurka

A ƙasar Amurka, inda nake zaune a halin yanzu, da zarar watan Maris ya kama, gidajen da ke da 'ya'ya masu shirin gama sakandare sukan shiga lissafi da shawarwari, domin a lokacin ne jami'o'i ke aiko wa ɗaliban da suka karɓa takardar bayanin taimakon kuɗi, kuma bisa al'ada ana jiran amsarsu zuwa ranar 1 ga Mayu. Wanda ya tashi a Kano ko Zariya, inda jami'o'in gwamnatin tarayya ba su karɓar kuɗin koyarwa sai na rajista da makamantansa, lalle zai yi al'ajabi idan ya ji cewa akwai jami'o'i masu zaman kansu a nan waɗanda kuɗinsu na shekara guda, in an haɗa koyarwa da ɗaki da abinci da littattafai, ya haura dala 80,000. Sai dai da yawa daga cikin ɗalibai ba su biyan wannan adadi cif, domin kowane gida da nasa farashin, gwargwadon ƙarfin da aka kimanta masa.

Hanyar kimantawar kuwa ita ce ɗalibi da iyayensa su cika wata takarda ta gwamnatin tarayya mai suna FAFSA, su bayyana abin da suke samu da abin da suka mallaka. Asalin wannan nizami yana komawa ga dokar ilimi mai zurfi wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu a 1965, kuma daga bisani aka ƙirƙiro kyautar Pell domin 'ya'yan talakawa, wadda iyakarta a shekarun baya-bayan nan ta kai dala 7,395. Ya wajaba ɗalibinmu mai burin zuwa nan ya sani cewa baƙon da ya shigo da bizar karatu ba shi da rabo a wannan taimako na tarayya, sai abin da jami'ar ta ga damar ba shi daga aljihunta.

Abin da ya fi buƙatar tadabburi shi ne ita kanta takardar da jami'a ke aikowa, domin takan jera abubuwa uku masu hukunci dabam-dabam a layi ɗaya: kyauta wadda ba a mayarwa, da ladan aikin da ɗalibi zai yi a harabar jami'a, wanda ba ya shiga hannunsa sai ya yi gumi, da kuma rance. A ƙaddara jami'a ta ce kuɗinta dala 60,000 ne, ta rubuta kyautar 30,000, da rancen ɗalibi 5,500, wanda shi ne iyakar abin da gwamnati ke ranta wa ɗan shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa, da aikin 2,500, da rancen iyaye 22,000, sannan ta nuna a ƙasa cewa babu sauran abin biya. Uban da bai yi la'akari ba zai yi hamdala, alhali rabin kuɗin yana wuyansa da na ɗansa, kuma haka zai maimaitu shekara huɗu. Ofishin binciken kuɗi na majalisar Amurka ma ya bayyana a 2022 cewa wajen kashi 91 cikin ɗari na jami'o'i ko dai ba su faɗin ainihin abin da gida zai biya, ko kuwa su faɗe shi ƙasa da haƙiƙarsa. Saboda haka mai hikima yakan cire kyauta kaɗai daga jimla, ya tambaya ko za a sabunta ta kowace shekara da kuma sharuɗɗanta, sannan ya gwama abin da ya rage da na sauran jami'o'i.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin karatu na nan ya zarce misali, domin mutum fiye da miliyan 40 ne ke ɗauke da shi, kuma jimlarsa ta wuce dala tiriliyan ɗaya da rabi. Ana fara biya wata shida bayan kammala karatu, da ruwa a kansa, lamarin da ke jefa gidajen Musulmi cikin damuwa saboda haramcin riba, har wasu kan gwammace ɗansu ya fara shekara biyu a kwalejin gari mai rahusa kafin ya koma jami'a.

A gida kuwa ɗawainiyar ba ta sauka a kan matashi shi kaɗai. Tun zamanin Sardauna gwamnatin Jihar Arewa ke ɗaukar nauyin ɗalibai, hukumomin jihohi suka gaji wannan aiki, abin da ya gaza kuma kawu da yaya da gwaggo su cike, ba tare da takarda ko shaida ba. Wannan zumunci ni'ima ce, amma yana da aibinsa, domin ɗalibi ba ya sanin abin da zai samu ko ranar da zai same shi, kuma maraya marar dangi masu hali yakan ajiye karatu cikin shiru. Asusun NELFUND da aka kafa bisa dokar 2024 ya zo da rance marar ruwa, wanda ake fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa, kuma wannan ya fi kusa da abin da malamanmu ke kira ƙardi hasanan.

A ganina abu biyu ya kamata mu koya daga Amurkawa. Na farko shi ne wakafi, domin kyautar da manyan jami'o'insu ke rabawa tana fitowa ne daga dukiyar da attajirai suka tsayar, kamar yadda asusun Harvard ya haura dala biliyan 50, kuma mu ne muka fi cancantar wannan sunna, tunda da wakafi aka rayar da Azhar ƙarnoni masu yawa. Na biyu shi ne rubuta alkawari kafin a fara karatu, tare da gyara kuskurensu na cuɗanya kyauta da bashi. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, tana umurni ne da rubuta bashi da ajalinsa, don haka duk hukumar da za ta ranta wa ɗan shekara goma sha takwas kuɗi, haƙƙi ne a kanta ta fayyace masa nawa ne kyauta, nawa ne rance, da ranar da za a fara nemansa.