Ƙiba ba kullum ce alamar hutu ba

A karkara, in mace ta yi jiki bayan aure, sai a ce mijinta ya iya riƙo. Haka aka yi ta faɗi a kan wata mata ta wani ƙauye a jihar Maradi. Cikin shekara uku zannuwanta duk suka matse ta, alhali cimakarta ba ta ƙaru ba. Ita kaɗai ta san abin da take ji. In ta ɗauki taɓarya, kafin ta surfa tiya ɗaya ta gaji. Tana jin sanyi har cikin bazara. Haila sai ta yi wata uku ba ta gani ba. Gashi ya tsiro mata a haɓa, ga shi haihuwa shiru. Dangin miji suka fara zancen ƙarin aure, wasu kuma suka ce ragwanci ne.

Ungozomar likitar gari ce ta tura ta Maradi. Can aka auna jininta, aka duba cikinta da na'ura. Lokotoro ya ce cuta biyu ce ta haɗu mata.

Ta farko a wuya take. Akwai wani ɗan nama a gaban maƙogwaro, ana ce masa tiroyid. Shi ne ke kumbura ya zama maƙoƙo. Aikinsa ya zuba wa jini wani sinadari mai sa jiki ya ƙone abinci. In ya yi sanyin aiki, jiki ya zama kamar murhu mai ɗanyen itace: ga gajiya, ga ƙiba. Ta biyu a gefen mahaifa take, wajen da ƙwai ke fitowa. Da Faransanci ana ce mata SOPK. Ƙwai ba ya nuna ya fita kowane wata, shi ya sa haila ke rikicewa. Kamar mace 1 cikin 10 tana da ita, kuma tana iya jawo ciwon sukari.

An ba ta magani iri biyu, kowane da dokarsa. Na wuya sunansa levotiroksin. Da asuba take shan shi, ciki babu kome, da ruwa zalla. Sai ta jira minti 30 ko awa guda kafin ta taɓa koko, shayi ko fura da nono. In tana shan maganin ƙarin jini, sai ta raba su da awa 4. Ɗaya kuma metformin ne, shi tare da abinci ake shan shi don kar ya ɓata ciki.

Da ta yi wata biyu, ƙarfi ya fara dawowa. Maƙwabta suka ce ai ta warke, ta bar kashe kuɗi. A nan mata da yawa ke faɗuwa. Ƙwayar wuya tana maye gurbin abin da jiki ya kasa yi ne, in an bari ciwo ya komo. Galibi shan ta har ƙarshen rai ne. Ko ciki ya shiga ba a bari, sai dai a hanzarta gaya wa lokotoro, don sau da yawa ƙari ake yi. Duk lokacin da aka sake yawan maganin, bayan sati 6 zuwa 8 sai an koma awon jini.

Wata kuma ta ba ta shawara ta riƙa shan biyu don ta yi saurin ramewa. Ta ƙi. Wuce ƙa'ida yana sa bugun zuciya, da makyarkyata, da rashin barci. Ƙwayar ba ta ramewa ba ce.

Sauran aikin a akushi yake. Nauyinta kilo 80 ne. An ce in ta rage kilo 4 zuwa 8 kawai, haila na iya daidaita. Ba ta zauna da yunwa ba. Ta rage malmalar tuwo, ta ƙara miya. Ta bar sa sukari a fura, ta bar lemun kwalba, ta rage fanke. Ta yawaita wake, zogale, rama da tafasa. Gishirin girki kuma mai iyod take saye. Kullum tana taka ƙafa zuwa gona ko rijiya. Nauyin yana sauka sannu sannu, wani watan ma ya tsaya cik, amma haila ta fara zuwa kusa da kusa. In ciki ya yi jinkiri, akwai maganin da lokotoro ke bayarwa mai taimaka wa ƙwai ya fita.

Nauyi mafi girma shi ne kuɗi, don magani sai a birni. Mai gidanta ya ware mata buhun wake tun kaka, kuma yana sayo sabon kwali a farmasi tun na hannu bai ƙare ba. Ba ya saye wurin ƴan talla, masu yawo da magani cikin rana.

Ƴan'uwa magidanta, in kun ga ƙiba ta zo da gajiya da rikicewar haila, kar ku ce hutu ne, kar ku ce lalaci ne. Ku kai iyalinku likita a auna jini.